Sayen Kayan Indiya na Mata ta Intanet: Amsa ga Mai Shirin Bikin Ƙanwarta

"Assalamu alaikum. Bikin ƙanwata saura wata huɗu, kuma ta nace shigar Indiya take so ranar kamu, ita da ƙawayenta shida. Na ga lehenga masu kyau a Instagram da wasu shagunan Indiya na intanet, amma farashin ya ruɗa ni, domin hoto ɗaya ne, wani ya sa rupi dubu uku, wani ya sa dubu sittin. Ina tsoron in tura kuɗi a aiko mini da abin da ba shi na gani ba, ko ya zo bai yi mata ba, ko ya zo ciki a waje. Yaya ake yi a sayi na gari, kuma me ya kamata in lura da shi?" Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Idan na fahimce ki, abubuwa uku ne suka tsaya miki a rai: dalilin da ya sa kaya masu hoto ɗaya suke da farashi mai nisa haka, yadda za a yi awo ya dace ga wadda tela bai taɓa gani ba, da yadda za a samu shigar da ta rufe jiki kamar yadda muke so. Zan ƙara miki na huɗu wanda ba ki ambata ba, wato kuɗin aike da harajin kwastam da lokacin da kaya suke ɗauka a hanya, domin a nan ne lissafin mutane da yawa yake rushewa. Sana'ata ɗinkin mata ce, kuma na daɗe ina yi wa amare odar irin waɗannan kaya ina ƙarasa ɗinkinsu a shagona, saboda haka abin da zan faɗa miki daga abin da ya ratsa hannuna ne.

Sha'awar ƙanwarki ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Tun wajen shekarun 1960 gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya suke nuna finafinan Indiya, iyayenmu mata suka taso suna ganin sari da dogon mayafi, daga baya finafinanmu na Hausa suka ɗauki salon, har shigar Indiya ta samu gurbi a cikin shagulgulan biki. Sai dai abin da muke gani a fim ko a hoton talla an ɗinka shi ne a jikin mai sanye da shi, an haska shi da fitilu, an gyara launinsa a kwamfuta. Babban abin da nake so ki riƙe shi ne, a cinikin intanet ba hoton kike saya ba, rubutun da ke ƙarƙashin hoton kike saya, kuma shi ne kaɗai hujjarki idan rigima ta taso.

Sanin kayan kafin a taya

Lehenga kaya uku ne: dogon siket mai faɗi, da 'yar rigar da suke kira choli, da mayafin da suke kira dupatta. Sari kuwa yadi ne guda ɗaya wanda ba a ɗinka ba, tsawonsa mita 5.5, galibi da ƙarin santimita 80 a ƙarshensa wanda za a yanke a ɗinka riga da shi, kuma ana ɗaura shi ne a kan siket na ciki wanda ba ya zuwa tare da shi sai an saya daban. Akwai salwar kameez, wato doguwar riga da wando da mayafi. Akwai anarkali, doguwar riga mai kama ƙirji ta buɗe sosai daga ƙugu zuwa ƙasa, wani lokaci har ta share ƙasa. Sai sharara da gharara, wanduna masu faɗin ƙafa har a ɗauka siket ne, waɗanda aka san matan Musulmi na birnin Lucknow da su tun zamanin sarakunan Awadh, kuma ana sa su da riga mai saukowa ƙasa da ƙugu. Na tsaya a kan waɗannan na ƙarshe ne da gangan, domin zan komo kansu idan mun zo maganar sutura.

Kowane aiki mai daraja a Indiya yana da garinsa. Sarin Banarasi na birnin Varanasi ne a jihar Uttar Pradesh, kuma yawancin masaƙansa Musulmi ne da suka gaji sana'ar. Sarin Kanchipuram na jihar Tamil Nadu ne a kudu, siliki ne mai nauyi wanda ake saƙa jikinsa daban da bakinsa daban sannan a haɗe su a kan masaƙa. Chanderi, mai sauƙi da ɗan shara-shara, na jihar Madhya Pradesh ne. Aikin allura na chikankari na Lucknow ne, rinin ƙulle-ƙulle na bandhani na Gujarat da Rajasthan ne, aikin gota na Jaipur ne. Sanin wannan yana da amfani a wajen ciniki, domin mai sayarwa da ya rubuta sunan gari a kan kayansa ya ɗauki alkawarin da za ki iya tuhumarsa a kai.

Me ya sa farashi ya yi nisa haka?

Dalili na farko shi ne hoton ba na mai sayarwar ba ne. Manyan masu zanen tufafi na Indiya, irin su Sabyasachi Mukherjee da Manish Malhotra, suna fitar da hotunan kayansu waɗanda kuɗinsu yakan kai ɗaruruwan dubban rupi, sai ƙananan masana'antu su ɗauki hoton su yi kwaikwayo da inji, su kuma tallata kwaikwayon da hoton na asali. Birnin Surat da ke jihar Gujarat shi ne cibiyar yadin roba da aikin inji a Indiya, kuma mafi yawan lehenga masu araha da kike gani daga can suke fitowa. Ba aibi ba ne kaya su fito daga Surat, domin akwai masu kyau a cikinsu, kuma su ne suka dace da aljihun yawancinmu. Aibin yana wajen nuna hoton wani abu a aiko da wani. Idan kika ga hoton da ya burge ki, ki sa shi a Google Lens, wato manhajar binciken hoto ta Google, ki bincika. Idan ya fito a shaguna ashirin kowanne da nasa farashi, ko kika ga fitacciyar 'yar fim ce sanye da shi, to ki tabbata wanda za a aiko miki kwaikwayo ne, sai ki nemi hoton ainihin kayan da ke hannun mai sayarwar.

Dalili na biyu shi ne yadin. A nan dole ki saba da wasu kalmomin da suke rubutawa, domin suna da ma'anar da ba ta fito fili ba. Idan an rubuta art silk, ba siliki ba ne, zaren masana'anta ne da aka yi shi ya yi sheƙi kamar siliki. Idan an sa faux a gaban georgette ko chiffon, wato wasu yadudduka marasa nauyi, yadin roba ne. Idan an rubuta sunan gari an bi shi da kalmar style ko kalmar inspired, to kayan ba daga garin suke ba, zanen kawai aka ara. Haka kuma blend yana nufin an gauraya zare, kuma ba kasafai ake faɗin yawan kowanne ba. Mai siliki na gaske yana alfahari da shi, zai rubuta pure silk ƙarara, kuma sau da yawa zai nuna tambarin Silk Mark, wanda wata ƙungiya da ke ƙarƙashin hukumar siliki ta gwamnatin Indiya ta fara bayarwa a 2004. Saƙar hannu ma tana da nata tambarin, Handloom Mark, tun 2006. Sarin Banarasi ya samu rajistar kariyar sunan gari a 2009, wadda ta taƙaita sunan ga abin da aka saƙa a Varanasi da wasu gundumomin da ke kusa da ita. Waɗannan tambura suna rage haɗari, amma ba sa kawar da shi, tunda hoton tambari ma ana iya ɗauko shi daga wani wuri.

Dalili na uku shi ne zaren ado mai ƙyalli da suke kira zari. Na asali zaren siliki ne da aka naɗe da azurfa aka shafe da ruwan zinariya. Na tsakiya jan ƙarfe ne aka shafe. Na ƙasa roba ce mai ƙyalli, wadda take ƙaiƙayi a fata kuma take kakkaryewa idan an ninke kaya. A hoto duka ukun ƙyalli ɗaya suke yi.

Dalili na huɗu shi ne hannu da inji. Sarin Banarasi na saƙar hannu yakan ɗauki masaƙi makonni biyu zuwa wata guda, mai aiki da yawa kuma ya zarce haka nesa, alhali inji yana fitar da da yawa a yini. Aikin zardozi na hannu, wanda ake ɗinka zaren ƙarfe da duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ba zai taɓa zama farashi ɗaya da duwatsun da aka manna da gam ba. Hanyar da nake bi in gane ita ce in ce a juya mini kayan in ga bayansu. Aikin hannu yana da ƙulli da ɗan rashin daidaito, aikin inji kuwa kowane fure ya yi daidai da ɗan'uwansa kuma galibi akwai farar takarda ko ragowarta a baya, dutsen manni kuma ba a ganin zare ko ɗaya a bayansa. Wannan na manni shi ne wanda yake zubewa a filin biki.

Sai abin da mutane ba sa lura da shi, wato yawan yadin kansa. Siket ɗin da kike gani a hoto ya buɗe ya cika wuri yana iya cin mita biyar ko shida a zagayen ƙasansa, kuma an sa masa raga mai tauri a ciki, wadda suke kira cancan, domin ta ɗaga shi. Mai araha sai a rage shi zuwa mita biyu da rabi ko uku, a cire ragar, a yi ado a gaba kawai a bar baya fayau. Ki nemi inda aka rubuta flair, wato zagayen ƙasan siket, ki ga mita nawa ne, ki tambaya ko aikin ya zagaye har baya, ki kuma tambaya ko akwai shafi a ciki.

A nan zan faɗa miki iyakata. Duk daɗewar da na yi ina taɓa yadi, ba zan iya rantsewa a kan siliki daga hoto ko bidiyo ba, kuma duk wanda ya ce miki zai iya, ki yi hattara da shi. Sai kaya sun zo ake tabbatarwa, ta hanyar zare silin zare daga gefe a ƙona shi: siliki yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai marmashewa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Shi ya sa ra'ayina shi ne, ga shigar yini ɗaya kamar kamu, kada ki biya kuɗin siliki na gaske a wajen wanda ba ki sani ba. Ki sayi georgette mai kyau da aikin inji mai tsafta, kina sane da abin da kika saya, ki biya kuɗinsa daidai. Silikin gaske a bar shi sai za a saya daga tsohon gida mai suna, irin Nalli da aka kafa a Chennai tun 1928, ko ta hannun wanda zai je ya taɓa da kansa.

Ɗinki da awo da sutura

Ana sayar da kayan a matakai uku, kuma jahiltar wannan ya sa mata da yawa sun buɗe kwali sun tarar da yadi a inda suke tsammanin riga. Wanda aka rubuta unstitched yadi ne kawai ba a yanka ba. Wanda aka rubuta semi-stitched an haɗa siket ɗin an bar gefe ɗaya a buɗe domin tela ya daidaita ƙugu, galibi har zuwa inci 42 ko 44, rigar kuma tana zuwa a matsayin yadi mai zanen ado wanda ba a yanka ba. Wanda aka rubuta readymade an gama shi sai sawa. Wasu shagunan kuma suna karɓar awo su ɗinka, su ƙara kuɗi da kwanaki.

Shawarata ita ce ki ɗauki na tsakiya, ki bar telanku na gida ya ƙarasa. Dalilina shi ne tsarin jikin da suke yanka kayansu a kai ba irin namu ba ne. Sau da yawa kayan da aka gama ɗinkawa a can sukan matse wa matanmu a damtse da hammata da mazaunai ko da ƙirji ya yi daidai, kuma haruffan girma da suke sawa ba su yi daidai da na kayan Turai ko na Dubai ba. Ban da haka, amarya takan canza a watannin gyaran jiki, wata ta ƙaru wata ta ragu, kuma awon da aka tura yau ba lallai ya zama na ranar biki ba. Idan har sai kin sa sun ɗinka, to tela ya auna ta da inci, a rubuta ƙirji da ƙarƙashin ƙirji da ƙugu da mazaunai da kafaɗa da zagayen hammata da damtse da tsawon hannu da tsawon riga, a auna tsawon siket tana sanye da takalmin da za ta sa ranar, sannan ki roƙe su su bar rarar inci biyu a cikin ɗinki ta kowane gefe. Tsawon siket da aka saba yi inci 41 ne zuwa 42. Idan ƙanwarki doguwa ce, wannan magana ce da za a yi kafin a biya, domin adon yana bakin ƙasa ne kuma ƙari a can yana ɓata shi.

Maganar sutura kuwa ita ce wadda na fi so ki ba muhimmanci, domin ita ce ba ta gyaruwa bayan kaya sun iso. Yadin rigar da ke zuwa da lehenga ko sari santimita 80 ne zuwa mita ɗaya, an lissafa shi ne don gajeriyar riga mai gajeren hannu wadda take barin ciki da baya a buɗe. Ba zai isa riga mai dogon hannu mai rufe ƙugu ba, kuma nemo launin da ya dace da shi a Kantin Kwari ko a kasuwar Sabon Gari abu ne da ba kullum ake dacewa ba. Saboda haka tun wajen oda ki ce a ƙara miki mita ɗaya da rabi na yadin rigar daga rini ɗaya, tare da ƙarin bakin ado na hannu. Ko kuma ki nemi lehenga mai doguwar riga tun asali, akwai su da yawa. Mafi sauƙi duka shi ne anarkali mai share ƙasa ko sharara ko gharara, domin su tun farko don rufe jiki aka tsara su, kuma a hoton biki ba su gaza lehenga kwarjini ba. Mayafin ma ki duba shi: yawanci raga ce da ake ganin abin da ke ƙarƙashinta, tsawonta mita 2.25 zuwa 2.5. Amaren Indiya da kansu sukan yi mayafi biyu, ɗaya a ka ɗaya a kafaɗa, don haka ba za su yi mamaki ba idan kika nemi na biyu na georgette mai kauri.

Akwai wani abu ƙarami da ya kamata Musulma ta duba, wato zanen da ke jikin yadi. Ɗawisu da giwa da aku suna da yawa a bakin sari, wasu kuma, kamar sarin Baluchari na jihar Bengal ta Yamma, ana saƙa musu hotunan mutane daga labaran addinin Hindu. Ki buɗe hoton sosai ki duba bakin da ɓangaren da ake yafawa a kafaɗa. Ki kuma yi la'akari da yanayi: karammiski mai nauyi na lokacin sanyi ne, idan bikin ya faɗo a watan Maris ko Afrilu amarya za ta sha wahala a cikinsa.

Game da ƙawaye shida, kada ki yi musu lehenga, domin nauyin kaya bakwai zai cinye kuɗin. Ki yi musu yadin salwar kameez wanda ba a ɗinka ba, ko sarin georgette marar nauyi mai ado a baki kawai, wanda wadda ba ta iya ɗaurin sari ba za ta iya naɗa shi kamar laffaya. Abin lura shi ne a saye su duka a oda ɗaya daga rini ɗaya, kuma mai sayarwa ya jera miki shidan a bidiyo guda, domin launi mai suna ɗaya yakan bambanta daga wannan rini zuwa wancan, kuma a anko wannan bambancin yana fitowa fili.

Wajen wa za a saya, kuma yaya za a biya?

Manyan kasuwannin intanet na cikin Indiya, irin su Myntra da Ajio da Meesho da Flipkart, an gina su ne don masu saye na cikin ƙasar, kuma farashin da ke ba ki sha'awa a can sai kina da wanda zai karɓa a Indiya ya turo miki. Akwai shagunan da suka daɗe suna aikawa ƙasashen waje, kamar Utsav Fashion da Cbazaar da Mirraw da Kalki Fashion. Farashinsu ya fi tsada, amma suna da adireshi da rasit da rubutacciyar ƙa'idar mayar da kaya. Ban ambace su don in tsaya musu ba, domin wasunsu kasuwa ce da ta tara masu sayarwa da yawa kuma ingancin ya danganta da wanda kika faɗa hannunsa. Ki karanta ra'ayoyin masu saye, musamman waɗanda suka sa hoton abin da ya iso gare su, kuma ki fara da na waɗanda suka yi ƙorafi.

Masu sayarwa a Instagram da WhatsApp su ne mafi araha kuma mafi haɗari. A cikinsu akwai masu amana da na daɗe ina hulɗa da su, akwai kuma waɗanda ba su da ko ƙyalle ɗaya a hannu. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne kiran bidiyo kai tsaye da rana, a fito da kayan a hasken rana, a juya baya, a sa tef a auna faɗin siket kina kallo. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, saboda haka ƙarfe takwas na safe a Zariya sha biyu da rabi ne na rana a can, kuma safiyarmu ce lokacin da ya fi dacewa. Wanda ya ƙi kiran bidiyo ya riga ya ba ki amsa. Idan ya yarda, ki fara gwada shi da ƙaramin abu, kamar mayafi ko sari ɗaya, tunda wata huɗu ya ba ki wannan damar.

Wajen biya, katin banki a kan shafin shago ko wata hanya mai ba da damar ƙorafi ya fi tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mutum, domin kuɗin da aka tura wa mutum ɗaya a wata ƙasa ba shi da hanyar dawowa. Iyakar abin da katin naira zai iya biya a waje tana canzawa daga banki zuwa banki kuma daga lokaci zuwa lokaci, don haka ki tambayi bankinki tun kafin ki yi oda, ko ki yi amfani da katin asusun dala. Ki lura da yadda suke rubuta adadi: lakh ɗaya dubu ɗari ne, kuma suna rubuta shi 1,00,000. Ki tabbatar kuma ko alamar da ke gaban farashin ta rupi ce ko ta dala, domin shafuka da yawa suna juya kuɗin da kansu idan sun ga daga waje ake kallo.

Kada ki raina hanya ta uku, wato 'yan kasuwarmu mata na Kano da Kaduna da Abuja da suke sarowa daga Indiya ko daga Meena Bazaar ta Dubai. Za su ɗora ribarsu, amma kina biya da naira, kina iya zuwa ki taɓa, kuma kin san inda za ki same su. Idan kika haɗa kuɗin aike da haraji, sau da yawa bambancin ba ya kai yadda ake zato.

Aike da kwastam da lokaci

Lehengar amarya mai aiki takan kai kilo biyar, wata ma ta haura, kuma kamfanonin aike irin su DHL da FedEx da Aramex ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5000, idan abin da ya fito ya fi nauyin sikeli to shi za su caja. Ragar cancan ba ta da nauyi amma tana cika kwali, shi ya sa nakan ce a cire ta, in sa tawa a nan. Aikawa ta gidan wayar Indiya ya fi sauƙin kuɗi amma ya fi jinkiri, kuma bin sawunsa ba ya kai na kamfanoni.

Kalmar da ke cewa aike kyauta ne ba ta haɗa da kwastam ba. A tsarin harajin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS, tufafin da aka gama suna cikin rukunin kashi 20 cikin ɗari, sannan a Najeriya akwai harajin VAT na kashi 7.5, ga kuma kuɗin da kamfanin aike yake ɗorawa na fito da kaya. Ana lissafin ne a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin aike. Ni tela ce, kuma ƙa'idojin kwastam suna sauyawa, don haka ki kira ofishin kamfanin aiken ki ji ƙiyasinsu na yanzu, sannan ki ware kuɗi a gefe domin wannan. Kada ki yarda mai sayarwa ya rage farashi a takarda don a guje wa haraji, domin baya ga rashin dacewarsa, idan kayan suka ɓace abin da aka rubuta ne kawai za a biya ki.

Game da lokaci, ki bambanta kayan da suke a ajiye da waɗanda sai an yi oda ake haɗa su. Na farko yakan iso cikin mako ɗaya zuwa biyu ta kamfanin aike, na biyu yana iya cin wata guda ko fiye kafin ma ya bar Indiya. Bikin Diwali, wanda yake faɗowa a Oktoba ko Nuwamba, yana sa masana'antu su rufe na kwanaki, daga nan kuma lokacin aurensu ya kama har zuwa Fabrairu, teloli su cika da aiki. Da ni ce ke, zan yi gwajin mai sayarwa a wannan watan, in yi babbar oda a wata mai zuwa, in tabbatar komai yana hannuna saura makonni shida, domin telan gida ya samu sarari, kuma idan abin bai yi ba a samu damar komawa ga wata dabara. Mayar da kaya Indiya daga nan ba abin dogaro ba ne, tunda kuɗin mayarwa yakan kusan kai kuɗin kayan, kuma wanda aka ɗinka da awonki ba sa karɓarsa.

Ranar da kwali ya iso, ki ɗauki bidiyo tun kafin a yanke gam ɗinsa har a fito da komai, ba tare da tsayar da ɗauka ba, domin yawancin masu sayarwa na Indiya ba sa sauraron ƙorafi sai da irin wannan bidiyo, kuma wa'adin da suke bayarwa gajere ne. Ki goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a wani lungu na ciki ki ga ko yana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu da kayan bandhani. Kada a wanke da ruwa, kada kuma dutsen guga ya hau kan ado kai tsaye, a juya baya a ɗora ƙyalle. Sai abin da ya shafi amarenmu musamman: humra da turare mai maiƙo suna barin tabo a siliki da georgette, kuma suna dusashe zari ya yi baƙi. A shafa su a jiki a bari su bushe kafin a sa kaya, idan za a turara kayan a kabbasa a juya su ciki waje a nisanta su da garwashi, tunda yadin roba da ragar mayafi ba sa jure zafi. Bayan biki a naɗe su a cikin farin ƙyallen auduga a ajiye a kwance, domin rataye siket mai nauyi yana jan ɗinkin ƙugu ya buɗe.